Takardun Shaida da na Tafiya ga Yara a Jirgin Sama

Takardun tafiya na yara su ne shaidun da ake nema kafin wanda bai kai shekara 18 ba ya hau jirgin sama ko ya ƙetare iyakar wata ƙasa. Abu uku suke tabbatarwa: ko wane ne yaron, shekarunsa nawa, da kuma ko babban da ke tare da shi yana da hurumin tafiya da shi.

A tafiyar cikin gida lamarin da sauƙi. A Amurka, alal misali, hukumar tsaron filayen jirgi ta TSA ba ta neman katin shaida daga yaron da bai kai shekara 18 ba. Sai dai kamfanin jirgi yana iya neman takardar haihuwar jaririn da za a riƙe a cinya, domin wannan rangwame na wanda bai cika shekara 2 ba ne, kuma idan ya cika a tsakiyar tafiya, kamfanoni da yawa sukan ce a saya masa kujera a dawowa.

Ƙetare iyaka kuwa galibi sai da fasfo, ko da jaririn kwanansa kaɗan a duniya. A da akan rubuta sunayen yara a cikin fasfon iyayensu, amma Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, mai hedikwata a Montreal, ta tsayar da ƙa'idar kowane mutum da fasfonsa, Tarayyar Turai kuma ta daina amincewa da tsohon tsarin ga 'yan ƙasashenta daga 26 ga Yuni, 2012. Wa'adin fasfon yaro gajere ne saboda kamanninsa suna saurin sauyawa: a Amurka da Birtaniya shekara 5 yake yi ga wanda bai kai 16 ba, alhali na babba yana yin 10. Biza ma kowane yaro da tasa, ko da yake ba a ɗaukar zanen yatsun wanda bai kai shekara 12 ba a bizar Shengen, wadda ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita.

Inda aka fi tsanantawa shi ne idan yaro zai fita da ɗaya daga cikin iyayensa, ko da kaka, ko da malamin makaranta. Dalilin shi ne fataucin yara, da kuma yadda uwa ko uba kan gudu da ɗa zuwa wata ƙasa bayan aure ya mutu, matsalar da ta sa aka ƙulla Yarjejeniyar Hague ta 1980. Saboda haka jami'in shige da fice yana iya neman takardar amincewa mai ɗauke da sunan yaron, inda za shi, ranar tafiya da ta dawowa, da sa hannun wanda ya tsaya gida, sau da yawa da hatimin hukuma ko na lauya mai izinin shaida. Idan ɗaya ya rasu, takardar rasuwa ce ke maye gurbinta. Idan kotu ta ba ɗaya riƙo, sai a nuna hukuncin. Faransa ta dawo da takardar izinin fita ga yaran da ke tafiya ba tare da iyayensu ba a Janairun 2017. Afirka ta Kudu ta wajabta cikakkiyar takardar haihuwa a 2015, sannan ta sassauta wa yara baƙi a 2019 bayan koke-koken masu harkar yawon buɗe ido. Hikima ce a riƙe takardar haihuwa ko da ba a ce dole ba, musamman idan sunan mahaifiya ya bambanta da na ɗanta, domin yawancin fasfuna ba sa nuna dangantaka.

Yaron da zai tafi shi kaɗai, wanda galibin kamfanoni ba sa karɓa sai ya kai shekara 5, ana cike masa fom da sunan mai rakiya da na mai tarba, akan kuma rataya masa takardunsa a wuya cikin 'yar jaka, kuma ba a miƙa shi a filin sauka sai mai tarbar ya nuna katin shaida da ya dace da abin da aka rubuta.

Wasu ƙasashen Afirka da Kudancin Amurka suna neman katin rigakafin cutar shawara. Ana yin allurar daga wata 9, kuma tun Yulin 2016 shaidarta ba ta ƙarewa.