Awon Zangon Rediyo Mai Ƙofar Lokaci

Awo mai ƙofar lokaci dabara ce da injiniyoyin sadarwa ke amfani da ita domin auna sigina a wani ɗan taƙin lokaci da suka zaɓa, su rufe kunnen na'ura daga sauran. Na'urar tantance zangon rediyo ta yau da kullum tana tattara duk abin da ke cikin iska, ba ruwanta da wanda ya yi magana ko yaushe. To amma sigina da yawa karɓa-karɓa suke yi a kan zango guda.

Tsarin GSM, wato tsarin wayar salula na 2G, misali ne mai sauƙi. Kowace tasha mai faɗin kilohaz 200 an yanka lokacinta gida 8, kowane gida na waya ɗaya, kimanin maikurosakan 577 (maikurosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa), zagaye guda kuma milisakan 4.615. Idan aka auna ba ƙofa, wayoyi takwas sai su cakuɗe, ga kuma tartsatsin da ke fantsama zuwa maƙwabtan zango duk lokacin da sigina ta kunnu ko ta mutu.

Abu uku ake saitawa: alamar da ke tayar da awon, jinkirin da za a yi bayanta, da tsawon buɗewar ƙofar. Jinkirin nan ne sababbin hannu kan yi wa garaje, alhali sai matatar na'urar, wadda ke tace zangon da ake aunawa, ta natsu awo ke faɗin gaskiya. Akwai kuma cinikin da ba a tsere masa: gwargwadon gajartar ƙofa, gwargwadon raguwar iya bambance zango biyu makusanta. Ƙofar maikurosakan 577 ba za ta raba abin da bai kai tazarar kusan kilohaz 2 ba.

A Saudiyya, inda kamfanonin stc da Zain suka fara 5G a 2019, dabarar ta ƙara daraja. A zangon gigahaz 3.5, turken sadarwa da waya hanya ɗaya suke bi, wannan ya yi shiru wancan ya yi magana. Muryar turke tana danne ta waya nesa ba kusa ba. Saboda haka mai neman tushen katsalandan, a ce a Mina ranakun Hajji lokacin da alhazanmu ke ta kiran gida, yakan buɗe ƙofarsa ne daidai lokacin da turke ya yi shiru, sannan ya ga abin da ke toshe wayoyin.