Waiwaye: Ranar da aka lallasa kulob ɗinka, ina kake sa kanka?

Ranar 5 ga Maris 2023 Liverpool ta zuba wa Manchester United ƙwallo 7 ba ko ɗaya. A gidajen kallo na Tudun Wada da Rigasa da Kawo a Kaduna, tun daga ƙwallo ta huɗu benci ya fara yin fili. Wani ya ce zai je ya kama ruwa, wani ya kara waya a kunne kamar an kira shi, ba wanda ya dawo. Washegari mai shayi ne ya ga abin da idonsa: masu zuwa da jar rigar United kullum sun ɓace, abokan hamayyarsu kuwa sun yi sammako, kowa na cewa a haɗa masa ƙwai bakwai.

Ba haka abin yake ba a da, domin a da kulob ɗin naka ne na gida. A shekarun 1980 mutumin Kaduna yana da Ranchers Bees, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta sha kashi a hannun CA Bizertin ta Tunisiya, sannan ta ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma a 1989. A nan Daniel Amokachi ya fito. Rashidi Yekini kuwa daga kulob ɗin masaƙar UNTL ya soma. Wanda ya ba ka haushi a fili kana iya haɗuwa da shi a kasuwa, kuma duk garin ɓangare ɗaya yake: in an ci ku, an ci kowa, ba mai yi wa wani dariya. Fushin sai ya tafi kan alƙalin wasa ko motar baƙi. Wannan ɗabi'a ta jifa da tare ƙofa ta daɗe tana bin gasar cikin gida, ita ce ma ta sa cin wasa a waje ya zama abin ba da labari.

Kashin da ya fi taɓa ƙasar baki ɗaya shi ne na 28 ga Yuni 1998 a gasar kofin duniya a Faransa. Najeriya ta doke Sifaniya 3 da 2 a rukuni, mutane har sun fara lissafin haɗuwa da Brazil, sai Denmark ta ba ta 4 da 1. Ƙwallon ɗaya tilo ɗan Kaduna ne ya ci ta, Tijjani Babangida. Mai tsaron raga Peter Rufai da koci Bora Milutinovic suka sha zagi, amma a majalisa da teburin mai jarida abin ya tsaya, kwana kaɗan ya huce.

Sauyin ya zo ne da tauraron ɗan Adam. Celestine Babayaro, shi ma haifaffen Kaduna, ya koma Chelsea a 1997, Kanu ya shiga Arsenal a 1999, Mikel ya bi sahu zuwa Chelsea a 2006. Kafin ka ce kwabo kowace unguwa ta samu rumfar kwano mai janareto da allon da ake rubuta wasannin ranar da alli. Yanzu fa abokin hamayyarka a gefenka yake zaune, kafaɗa da kafaɗa, kuma gobe da shi za ku yi sahu a masallaci. Tun daga nan zafin shan kashi ya daina zama na ƙwallo kawai, ya koma na kunyar ido.

Shi ya sa wasu lambobi suka zama laƙabi. Ɗan Arsenal ya yi shekaru ana kiransa da takwas bayan 8 da 2 ɗin da United ta yi musu ranar 28 ga Agusta 2011. Kulob ɗin ya ji kunya har ya yi wa magoya bayan da suka je Old Trafford alƙawarin tikitin wani wasan kyauta. Na Unguwar Sanusi kuwa kuɗin shigarsa ya tafi, ga tsokana ta biyo baya. Ba a yi wata biyu ba Manchester City ta je har gida ta yi wa United 6 da 1, dariya ta juya. Brazil ta karɓi 7 da 1 daga Jamus a gidanta a 2014, Barcelona ta karɓi 8 da 2 daga Bayern a 2020, 'yan Madrid suka yi ta rabon alewa kamar su suka buga.

A ganina mafi yawan wannan tsokana lafiyayya ce. Kamar wasan taubasai take: ka faɗa wa mutum maganar da ba za ka iya faɗa masa a kan wani abu ba, ya haɗiye, ya jira ranarsa. Kuma kowa ya san hanyoyin kare kai. Akwai mai cewa alƙali ne, akwai mai cewa a kori koci yau ɗin nan, akwai mai ɗauko tarihi: "Kofin zakarun Turai nawa gare ku?" Mai wannan tambayar, in ka lura, yawanci shi aka fi ji wa ciwo.

Inda abin ke ɓaci shi ne in wasa ya fita daga cikinsa. A 2009, bayan Barcelona ta doke United a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, wani direba a jihar Ribas ya kutsa da mota cikin masu murna, mutum huɗu suka mutu. Ranar 29 ga Maris 2022, da Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar kofin duniya a Qatar, 'yan kallo suka afka cikin filin wasa na Abuja suka yi ɓarna, FIFA ta ci tarar hukumar ƙwallon ƙasar. Waya ta ƙara wani salon: bayan Kwaddibuwa ta ci Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024, zagin da aka yi wa Alex Iwobi ya sa ya goge hotunansa a Instagram. Ga kuma caca. Yaron da ya sa kuɗin cefane a tikiti, in ka tsokane shi bayan wasa, ba dariya zai yi ba.

Abin da ya fi damuna dai wani ne daban. Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, ta doke Enyimba a bugun fenareti, bayan 'yan shekaru ta faɗo daga babbar gasa. Garin da ake rufe waya kwana biyu saboda kulob ɗin Landan ya sha kashi bai ɗaga murya a kan wannan ba, ko rabin yadda yake yi in Arsenal ta ɓarar da fenareti.