Waiwaye: Fatin Hamama, fim ɗin 1975 da doguwar tafiyar dokar khul'i a Masar

A Masar in aka ambaci Fatin Hamama, kafin a gama lissafa finafinanta sai ka ji wani ya ce ai ita ce matar da fim ɗinta ya canja doka. Maganar tana da tushe, amma an cika sa mata gishiri. Fim ɗin da ake nufi, Uridu Hallan, wato Ina Neman Mafita, ya fito a 1975. Dokar khul'i kuwa, wadda ta ba macen Masar damar fansar kanta daga aure ko da miji bai yarda ba, sai a shekarar 2000 ta samu. Shekara 25 ke nan tsakani, a cikinsu an kafa wata doka an rushe ta, an kashe shugaban ƙasa wani ya hau. Wanda ke son sanin ainihin rawar da Fatin ta taka sai ya koma can baya, ya ga yadda ta tara mutuncin da ya sa magidanta suka yarda su kwashi iyalinsu zuwa silima su kalli abin da, da wata ce ta fito a cikinsa, da an ce tsiya ce irin ta 'yan fim.

An haife ta ran 27 ga Mayu 1931, ta tashi a Mansura da ke arewacin Masar. Mahaifinta ƙaramin ma'aikaci ne a ma'aikatar ilimi. Tana yarinya ta ci wata gasar kyau ta yara, hotonta ya isa hannun darakta Muhammad Karim, wanda a lokacin yake neman yarinyar da za ta fito tare da shahararren mawaƙin nan Muhammad Abdul Wahab a fim ɗin Yaum Sa'id. Ba ta cika shekara tara ba aka ɗauke ta a matsayin Anisa. Karim ya sake kiran ta a 1944, iyalin suka koma Alƙahira, a 1946 ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo, a shekarar kuma jarumi kuma darakta Yusuf Wahbi ya ba ta matsayin 'yarsa a Malak al-Rahma.

Harkar fim a Alƙahira tana tashe a lokacin. Tun 1935 Ɗal'at Harb, wanda ya kafa Bankin Misr, ya gina Studio Misr, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu finafinan Masar ne ke cika gidajen silima daga Bagadaza har Maroko. Waƙa da rawa su ne jarin kasuwar. Fatin ba mawaƙiya ba ce, ba kuma 'yar rawa ba. Abin da take da shi fuska ce mai ban tausayi da murya mai rawa-rawa, don haka furodusoshi suka yi ta ba ta matsayin marainiya, ko yarinyar da aka yi wa ƙazafi, ko 'yar talaka da mai kuɗi ya yaudara. In za a faɗi gaskiya, da yawa daga cikin finafinanta na wannan zango hawaye ne kawai ba wani labari. Amma su ne suka kafa ta a zukatan iyaye mata a matsayin 'yar gidan mutunci, kuma ta san darajar wannan suna, ta riƙe shi da kyau.

Ta auri darakta Izzuddin Zulfiƙar a 1947, suka haifi Nadiya, suka rabu a 1954. A wannan shekarar darakta Yusuf Shahin ya fitar da Sira' fil Wadi, inda ya haɗa ta da wani sabon yaro ɗan Iskandariyya, Kirista mai suna Mishel Shalhub, wanda duniya ta sani daga baya da Umar Sharif. Har yau ana ba da labarin sumbar da ke cikin fim ɗin, domin an san Fatin da ƙin yarda da irin wannan fitowa. Ya musulunta, suka yi aure a 1955, suka haifi Ɗariƙ a 1957. Wani abin mamaki, tsohon mijin nata ne ya ba da umarnin Nahr al-Hubb a 1960, ita da sabon mijin suna fitowa a matsayin masoya a gabansa.

Aikinta na gaske ya fara ne da ta soma zaɓen labari daga littattafan manyan marubuta, yawanci tare da darakta Henri Barakat. A 1959 suka yi Du'a al-Karawan daga littafin Ɗaha Husain. Ta fito a matsayin Amina, 'yar ƙauye daga kudancin Masar, wadda wani injiniya ya lalata yayarta Hanadi tana yi masa aikatau. Kawunsu ya kashe Hanadi a gaban idonta da sunan wanke abin kunya, injiniyan kuwa ko gezau. Amina ta nemi aiki a gidansa don ta ɗau fansa. A 1963 sai Al-Bab al-Maftuh daga littafin Laɗifa al-Zayyat, labarin budurwar da ke neman 'yancin kanta daidai lokacin da ƙasar ke neman korar Turawan Ingila.

Wanda ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne Al-Haram na 1965, daga littafin Yusuf Idris, wanda ya shiga gasar bikin finafinai na Kan a Faransa. Aziza matar ɗan ci-rani ce, irin ma'aikatan da ake kwasowa daga ƙauyuka masu nisa su yi aikin gonar auduga a biya su ladan yini. Mijinta ya kwanta ciwo ya daɗe, wata rana ya ce yana sha'awar dankali. Ta shiga wata gona tana tonon saiwa da hannu, ɗan mai gonar ya same ta ya yi mata fyaɗe. Ciki ya shiga, ga miji kowa ya san ba shi da lafiyar da za a jingina masa. Ta ɗaure cikin, ta bi ayarin 'yan ci-rani, ta haihu ita kaɗai da dare a bakin gona. Jaririn ya tsala kuka, ta sa hannu ta rufe bakinsa kada a ji, da ta ɗaga hannun ya riga ya cika. Sauran fim ɗin farautar uwar jaririn ne, mutanen gari suna rantsuwa ba daga cikinsu take ba, sai dai cikin baƙin nan. Babu kwalliya a fuskar Fatin a wannan fim, kuma a ganina ko da shi kaɗai ta yi ya isa a tuna da ita.

Daga nan sai ta ɓace. Ta bar Masar a 1966, ta zauna tsakanin Bairut da Landan da Faris. Daga baya ta ce jami'an leƙen asiri na zamanin da Salah Nasr ke shugabantar hukumar ne suka matsa mata lamba ta yi musu aiki, ta ƙi. Ba ta dawo ba sai 1971, bayan rasuwar Shugaba Jamal Abdul Nasir. Auren ma ya riga ya yi sanyi, tun da Umar Sharif ya samu shiga finafinan Turai da Amurka da Lawrence of Arabia a 1962 zamansa ya koma can. Suka rabu a 1974, ta auri wani likita wanda ta zauna da shi har ƙarshen rayuwarta.

To, ga halin da dokar aure take ciki lokacin da ta dawo. Kotunan Masar sun gaji mazhabar Hanafiyya, inda ƙofar da mace za ta bi alƙali ya raba aurenta ƙunƙuntacciya ce. Dokokin 1920 da 1929 sun aro daga Malikiyya, mazhabar da alƙalanmu ke hukunci da ita, suka ba mace damar neman saki saboda rashin ciyarwa, ko doguwar tafiyar miji, ko cuta mai tsanani, ko cutarwa. A takarda abin ya yi kyau. A zauren kotu kuwa sai ta kawo shaidu, alhali abin da ke faruwa tsakanin miji da mata a ɗaki ba shi da shaida. Miji ya ɗaukaka ƙara, a ɗage zama, a sake ɗagewa, shekaru su tafi. Shi kuwa da kalma ɗaya ya gama. Akwai kuma abin da suke kira baitul ɗa'a: in mace ta yi yaji, miji na iya samo umarnin kotu ta koma, kuma har zuwa 1967 'yan sanda ne ke zuwa su yi bikon da ƙarfi.

Wannan ne Uridu Hallan ya ɗauko. 'Yar jarida Husn Shah ce ta rubuta labarin, Sa'id Marzuƙ ya ba da umarni. Fatin ta fito a matsayin Durriyya, matar wani jami'in diflomasiyya da Rushdi Abaza ya fito a matsayinsa. Bayan shekaru kusan 20 na haƙuri, ɗansu ya girma, ta ce ya sauwaƙe mata. Ya ƙi, ba don yana son ta ba. Ta shiga kotu, ya kawo shaidun zur, shari'a ta ci shekaru, a ƙarshe aka kori ƙararta. Dabarar fim ɗin ita ce zaɓen mace mai ilimi, mai hali, mai lauya: in wannan ta rasa mafita, ina ga wadda ba ta da kuɗin mota zuwa kotu? Ita ma an nuna ta, a tsohuwar da Amina Rizƙ ta fito a matsayinta, wadda aka sake ta bayan ta tsufa a gidan miji, tana zaman benci a harabar kotu tana jiran kuɗin ciyarwa.

Fim ɗin ya tayar da ƙura a jaridu. A 1979 Shugaba Anwar Sadat ya sa hannu a doka mai lamba 44, wadda jama'a suka laƙaba wa sunan matarsa Jihan. Ta wajabta wa miji yin rajistar saki da sanar da matar, ta ba uwargida damar neman rabuwa cikin shekara guda in aka yi mata kishiya, ta bar wa uwar da ke riƙon yara gidan auren. Sai dai Sadat ya fitar da ita ne da umarnin shugaban ƙasa majalisa tana hutu, kuma ta nan aka kama ta. A 1985 Kotun Tsarin Mulki ta soke ta, tana cewa babu wata gaggawa da ta halatta tsallake majalisa. Doka mai lamba 100 ta wannan shekarar ta maido da mafi yawan tanade-tanaden, amma ta ce sai uwargida ta tabbatar wa alƙali cewa kishiyar ta cutar da ita. Aka koma gidan jiya wajen neman shaida.

Mafitar da Durriyya ta nema ta zo a sashe na 20 na doka mai lamba 1 ta shekarar 2000, zamanin Husni Mubarak. Hujjarta hadisin matar Sabit bin Ƙais ne, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta ko za ta mayar masa da gonarsa, ta ce e. Mace za ta furta a gaban alƙali cewa ta ƙi zaman kuma tana tsoron kada ta ƙetare iyakokin Allah, ta mayar da sadakin da ta karɓa, ta yafe ragowar haƙƙoƙinta na kuɗi, ban da na yara. Za a yi ƙoƙarin sulhu na wata uku, in ya ci tura a raba auren, ba sai da yardar miji ba, kuma babu ɗaukaka ƙara. Shehun Azhar na lokacin, Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, ya goyi baya. Masu adawa suka ce an buɗe wa mata ƙofar gudu zuwa wurin masu kuɗi. Waɗanda suka yi wahalar dokar lauyoyi ne da ƙungiyoyin mata da suka shafe shekaru suna bin malamai da 'yan majalisa, cikinsu har da lauya Muna Zulfiƙar. Mahaifinta Salah Zulfiƙar, ƙanin mijin Fatin na farko, shi ne furodusan Uridu Hallan.

Talabijin ya fara aiki a Masar tun 1960, amma Fatin ba ta yi rawar kai wajen shiga ba. Shirinta mai dogon zango da ya yi fice shi ne Damir Abla Hikmat na 1991, wanda Usama Anwar Ukasha ya rubuta, inda ta fito a shugabar makarantar 'yan mata a Iskandariyya tana fama da iyaye masu kuɗi da ke ganin komai na sayarwa ne. Fim ɗinta na ƙarshe a silima, Ard al-Ahlam, ya fito a 1993. A azumin shekarar 2000 ta yi Wajh al-Ƙamar, tana mai gabatar da shiri a talabijin, aka saka hotunan boren Falasɗinawa na biyu da ke ci a lokacin. Daga shi ba ta sake fitowa ba har ta rasu ran 17 ga Janairu 2015, tana da shekara 83.

Rigimar dokar ba ta bi ta kabari ba. Tun tana raye an kafa kotunan iyali a 2004. A 2017 Shugaba Sisi ya nemi a daina lissafa sakin baki sai an rubuta shi a hukumance, majalisar manyan malaman Azhar ta ƙi. A azumin 2022 jaruma Nelli Karim ta fito a shirin Fatin Amal Harbi, bazawara mai 'ya'ya biyu da ke ƙalubalantar dokar riƙon yara. Malamai suka soki shirin, gwamnati kuma ta kafa kwamitin alƙalai don rubuta sabuwar dokar iyali.