Mene ne "flex card", katin sayayya na inshorar lafiya a Amurka?

Duk wanda ke da tsoho a Amurka, ko shi kansa ya haura shekara 65 a can, da wuya watan Oktoba ya wuce bai ci karo da tallan nan ba. A talabijin ne, a Facebook ne, ko a takardar da aka jefo cikin akwatin wasiƙa, maganar ɗaya ce: akwai wani kati da ake zuba wa dattawa kuɗi a ciki, su yi cefane, su sayi magani, har su biya kuɗin wuta. Amurkawa na kiransa "flex card", wato katin da ba a ɗaure shi kan abu guda ba. Wasu na ce masa katin OTC, wasu katin abinci, kuma kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa nasa. UnitedHealthcare na da UCard, Aetna na da Extra Benefits Card, Humana kuma kuɗin da take zubawa tana kiransa Healthy Options Allowance.

Katin gaskiya ne, akwai shi, kuma yana rufa wa mutane da yawa asiri. Amma ba gwamnati ke raba shi ba, ba kowane tsoho ke samu ba, kuma abin da ke cikinsa ba tsabar kuɗi ba ne da mutum zai yi yadda ya ga dama da shi. Kafin a gane dalili, sai an ɗan koma baya.

A shekarar 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar da ta kafa shirye-shirye biyu. Medicare na 'yan shekara 65 zuwa sama ne, daga baya aka ƙara wasu masu naƙasa da masu wankin ƙoda. Medicaid kuma na masu ƙaramin ƙarfi ne, jihohi ke tafiyar da shi tare da gwamnatin tarayya. Wanda ya shiga Medicare yana da hanya biyu. Ko ya zauna a tsarin asali, inda gwamnati ke biyan asibiti da likita kai tsaye, ko kuma ya miƙa lamarinsa ga kamfanin inshora mai zaman kansa a ƙarƙashin abin da ake kira Medicare Advantage. A wannan hanya ta biyu, gwamnati na biyan kamfanin wani adadi duk wata a kan kowane mutum, shi kuma kamfanin ya ɗauki nauyin jinyarsa. Tun daga 2023, fiye da rabin waɗanda suka cancanta sun koma wannan hanya, mutum sama da miliyan 30.

To katin nan ɗan Medicare Advantage ne. Tsarin asali ba ya bayar da shi ko kaɗan. Duk wanda ya kira ka a waya ya ce gwamnati ta amince a aiko maka da kati, sai dai ka karanto masa lambarka ta Medicare, ka kashe wayar.

Ina kamfani ke samo kuɗin da yake zubawa? Wannan ita ce tambayar da na fi so mutane su riƙa yi, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Hukumar da ke kula da shirin, CMS, tana tsayar da ma'aunin kuɗi ga kowace gunduma duk shekara. Kamfani ya gabatar da nasa lissafin na abin da zai ci masa ya kula da mutum ɗaya. Idan lissafinsa ya yi ƙasa da ma'aunin, ana bar masa wani kaso na rarar, daga kashi 50 zuwa 70 cikin 100, gwargwadon taurarin ingancin da ya samu. Doka ta ce wannan kaso a mayar da shi kan mambobi, ko a rage musu abin da suke biya, ko a ƙara musu wani amfani. Daga nan ake samun kuɗin gyaran haƙori, da tabarau, da na'urar ƙara ji, da kuma abin da ake zubawa a kati. Ashe dai kuɗin jama'a ne da aka ware domin lafiyar mai katin, ya biyo ta hannun kamfani. Shi ya sa ba na jin daɗi idan na ga dattijo yana jin nauyin amfani da shi kamar wanda aka bai wa sadaka. Haƙƙinsa ne.

Da farko abin bai wuce kayan kantin magani ba, irin waɗanda ake saye ba tare da takardar likita ba, kuma ma'anar OTC ke nan: maganin ciwon kai da na mura, bitamin, bandeji, man goge baki da buroshi, man zafi na shafawa, famfas na manya, ma'aunin hawan jini. Har yanzu wannan shi ne nau'in da ya fi yawa, kuma yawancin masu kati iyakar abin da nasu ke saya ke nan. Canjin ya zo ne da wata doka ta 2018 wadda ta ba kamfanoni dama, daga 2020, su taimaka wa masu cuta mai daɗewa da abubuwan da ba magani ba ne kai tsaye. Hikimar a fili take. Mai ciwon suga da ba ya samun abincin kirki, ko mai ciwon zuciya da aka yanke wa wuta a tsakiyar hunturun Chicago, ƙarshensa gadon asibiti ne, kuma kwana uku a asibitin Amurka sun fi cefanen watanni tsada. Daga nan ne abinci, da kuɗin wuta da gas da ruwa, da kuɗin mota, da feshin ƙwari, wani lokaci har da tallafin haya, suka shigo cikin katin.

Sai dai wannan kaso mai tsoka ba na kowa ba ne. Waɗanda suka fi samunsa su ne masu Medicare da Medicaid a lokaci guda, waɗanda ke cikin tsari na musamman da ake kira D-SNP, sai kuma masu tsarin da aka keɓe wa wasu cututtuka. Akwai wani shirin gwaji mai suna VBID da ya riƙa ba kamfanoni damar bayar da kuɗin abinci da na wuta bisa ƙarancin samu kawai, amma CMS ta rufe shi a ƙarshen 2025. Abin da ya biyo baya shi ne, daga Janairun 2026 mutane da dama sai an tabbatar suna da cuta mai daɗewa, irin su ciwon suga ko ciwon zuciya ko asma mai tsanani, kafin katinsu ya ci gaba da sayen abinci. Wanda katin mahaifiyarsa ya daina aiki a wurin cefane alhali yana aiki a ɓangaren magani, ya fara bincikawa ta nan. Sau da yawa abin da ya rage shi ne likitanta ya tabbatar wa kamfanin da larurar da take ɗauke da ita.

A ido, katin kamar na cirar kuɗi yake, wasu ma da tambarin Visa ko Mastercard a jiki. Amma ba ya fitar da ko dala ɗaya a na'urar cirar kuɗi, ba a tura abin da ke ciki zuwa asusun banki, balle a aika wa 'yan uwa gida. Yana aiki ne a kantunan da suka shiga tsarin, galibi manya irin su Walmart, CVS, Walgreens da Kroger. Idan aka zo wurin biya, kwamfutar kantin ce ke tantance kaya ɗaya bayan ɗaya ta lambar da ke jikin kowanne. A ce mutum ya ɗauko shinkafa, wake, madara, tumatir, sabulun wanki da kwalin alewa. Katin zai iya biyan huɗun farko ya bar sauran, sai mutum ya cika da kuɗin aljihunsa. Mai karɓar kuɗi ba shi da ta cewa a wannan, don haka jayayya da shi ɓata lokaci ne. Yawancin kamfanoni suna da manhajar waya da ake haska kaya da ita tun a kan kanta a ga ko katin zai ɗauka, kuma wannan aiki ne da jika ɗan sakandare zai iya yi wa kakarsa cikin minti biyu.

A nan akwai wani abu da ke damuna game da mutanenmu na Bronx a birnin New York da sauran unguwannin da 'yan Afirka ta Yamma suka taru. Abincin da tsohuwa ta saba da shi, garin tuwo, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, naman halal, a ƙananan shagunan unguwa ake samunsa, su kuwa irin waɗannan shaguna sau da yawa ba sa cikin tsarin. Dabarar da ta rage ita ce a raba cefanen gida biyu. Abin da babban kanti ke da shi, irin su shinkafa, mai, ƙwai, kifi, albasa da 'ya'yan itace, a saye shi da kati, kuɗin hannun da aka tsira da shi kuma a kai wa mahaucin unguwa.

Akwai abubuwan da aka haramta gaba ɗaya: giya, taba, wiwi, gyaran jiki na ado, inshorar rai, da hidimar jana'iza.

Biyan kuɗin wuta ko ruwa ya fi cefane ɗan wahala. Wani kamfanin inshora ta shafinsa na intanet ake biya, wani ta waya, wani kuma sai an je da takardar bil ɗin wurin biyan kuɗi na babban kanti. Wasu na neman adireshin da ke kan bil ɗin ya dace da na mai katin, abin da kan zama cikas ga tsohon da ke zaune a gidan ɗansa. Idan bil ɗin ya fi abin da ke cikin katin, sai a biya iya abin da ya samu a cika sauran, kada a saka duka adadin katin ya ƙi. Wanda kuma ke zaune a gidan da gwamnati ke tallafa wa haya ya tambayi ofishin gidajen tukuna, domin abin da aka biya na haya ko wuta da katin ana iya lissafa shi cikin samun mutum.

Kuɗin kuma yana da wa'adi. Wasu ana zubawa wata-wata, wasu duk wata uku, kuma a tsare-tsare da yawa abin da ba a kashe ba yana ɓacewa da ƙarewar wa'adin. Mu mutane ne masu son adana abu saboda gobe, amma wannan ba asusu ba ne. Wanda ya bar dala 40 a ciki ranar ƙarshen wata da niyyar tarawa, zai iya wayar gari bai same ta ba. Gara a tsayar da rana guda a kowane wata, a duba abin da ya rage, a sayi abin da ba ya lalacewa.

Kada a rikita shi da wasu katunan. Katin EBT na shirin abinci na SNAP daban ne, na gwamnati ne, kuma mutum na iya riƙe duka biyun. Katunan FSA da HSA na masu aiki ne, kuɗinsu ne da aka cire daga albashi kafin haraji domin hidimar lafiya, ba a cefane da su. Mai karatu a Kano ko Sakkwato da ke ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta Najeriya, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, shi ma nasa katin na nunawa ne a asibiti. Idan tallan "flex card" ya faɗo masa a waya ana neman ya cike fom ya biya kuɗin rajista, 'yan damfara ne. Haka ma iyayen da suka je Amurka da bizar ziyara, shirin bai shafe su ba. Mai katin zama na dindindin kan cancanci Medicare ta hanyar aikin shekara 10 da aka biya haraji, nasa ko na abokin aurensa, ko kuma ya saya da kuɗinsa bayan zaman shekara 5 a jere.

Inda hatsarin yake shi ne lokacin sauya tsari, daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba. Dillalan inshora na samun la'ada a kan duk wanda suka shigar, kuma katin nan shi ne abin da suka fi jan hankali da shi. Ƙorafi ya yi yawa har CMS ta tsaurara ƙa'ida a 2023, ta hana tallan da bai ambaci sunan tsarin da ake tallatawa ba, da amfani da tambarin Medicare ta hanyar ruɗi. Adadin da ake gani a talla galibi mafi girman abin da wani tsari ke bayarwa ne a wata gunduma, an tara na shekara guda, ba lallai ya shafi inda kake zaune ba. Wanda ya sauya tsari saboda kati, ya sauya har da jerin likitocin da zai iya gani, da asibitocin da zai iya zuwa, da jerin magungunan da za a biya masa. Tsohuwar da ta shekara goma da likitan zuciya guda, wanda ya san tarihinta ya san 'ya'yanta, za ta iya rasa shi a kan dala 50 a wata. Komawa tsarin asali ma ba koyaushe yake da sauƙi ba, domin a yawancin jihohi kamfanonin ƙarin inshora na Medigap, masu cike giɓin da tsarin asali ke bari, na iya duba lafiyar mutum su ƙi shi ko su tsawwala, ko da yake jihohi kaɗan irin su New York da Connecticut sun hana hakan. Kafin a amsa wa kowane dillali, a tambaye shi ko likitan nan da magungunan nan suna ciki, kuma a gani a rubuce. Kowace jiha na da ofishin ba da shawara kyauta da ake kira SHIP, ba su sayar da komai, kuma ana iya neman tafinta.

Kamfani na iya rage kuɗin katin ko ya cire shi gaba ɗaya a sabuwar shekara. Yana sanar da hakan a wata takarda da ke isowa kafin ƙarshen Satumba, irin takardun da kan tafi kwandon shara ba a buɗe ba. A buɗe ta.

Sai batun tafiya gida, wanda ya shafe mu fiye da yawancin Amurkawa. Dattawanmu da yawa suna gudun sanyi su tafi Kano, Kumasi ko Yamai su yi watanni, wasu su haɗa da azumi da aikin Hajji. Katin ba ya aiki a can, kuɗin watannin da aka yi a waje kuma yawanci ba ya jira. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, a ƙa'idar Medicare Advantage, wanda ya wuce wata 6 a jere a wajen yankin da tsarinsa ke aiki ana cire shi daga tsarin. Wanda zai yi doguwar tafiya ya kira lambar da ke bayan katinsa tun kafin ya yanki tikiti, ya faɗa musu ranar tashi da ranar dawowa, ya ji abin da za su ce.