Ɓawon maɗacin bakin titi ba na jiƙo ba ne

A Marwa ta ƙasar Kamaru duk titin da ka bi za ka ga darbejiya da maɗaci a jere, kuma da wuya ka sami maɗacin da ba a sassaƙe masa gindi ba. Kwanan baya na iske wata dattijuwa da 'yar adda tana ɓamɓarar ɓawon wani, daf da inda masu babur ke jiran fasinja. Na ce, "Inna, sannu da aiki, na mene ne?" Ta ce jiƙo za ta yi wa jikanta, zazzaɓi ya hana shi sakat. Na goga yatsa a jikin ɓawon na nuna mata, ya yi baƙi ƙirin.

Itace ba ya gusawa daga inda yake, kuma tsagogin ɓawonsa suna riƙe ƙurar da iska ta kwaso shekara da shekaru. A cikin ƙurar bakin titi akwai jan ƙarfe daga birkin mota, da tutiya daga tayoyin da kwalta ke ci. Inda ake fasa tsohon batir ana narka shi, ko ake ƙona shara da tayoyi, sai dalma da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, su ƙaru. Tun 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da fetur mai dalma, amma dalma ba ta ruɓewa. Tana nan a ƙasa, hunturu na zuwa ya sake tayar da ita.

Shi ya sa masu bincike ke amfani da ɓawo wajen auna gurɓatar iska. Sukan kankare saman ɓawon daidai ƙirjin mutum, kamar mita 1.5 daga ƙasa, su busar, su niƙa, su narkar da garin a asid, sannan na'ura ta faɗi yawan kowane ƙarfe. Daga nan a gwada da na itace irinsa da ke can daji, nesa da mota. Ba zai gaya maka abin da ka shaƙa jiya ba, amma yana nuna unguwar da ta fi cutuwa, kuma ɗibar ɓawon ba ta neman wutar lantarki, wadda mu nan mun san halinta.

Tafasa tana kashe ƙwayar cuta, ba ta yi wa dalma komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya illa. Yara ƙanana da masu juna biyu ta fi kamawa: tana rage jini, tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya yi ta fama da karatu ana cewa daƙiƙi ne.

Don haka kada a ɗebi sassaƙe, ko ganye, ko asuwaki a bakin titi, tasha, gareji ko kusa da juji. Mai saye a kasuwa ya tambayi mai magani inda ya saro. Yaro mai zazzaɓi kuwa a kai shi asibiti a gwada jininsa tun ranar.

Inna dai ta zubar da abin da ta sara, tana ta mitar wahalar banza da na sa ta, sannan na raka ta aka duba yaron.