Notin juye na A Daidaita Sahu da inda baƙin mai ke ƙarewa

Ni ma'aikacin lafiyar muhalli ne, wato duba-gari, kuma kwata ce ta fara kai ni garejin masu gyaran A Daidaita Sahu. Duk inda na ga ruwan kwata ya yi baƙi, samansa yana ƙyalli, idan na bi sawunsa sai in tarar da wurin da ake juyen mai. Yawan zama da makanikai ya sa na gane cewa ɓarnar da ake yi wa kwata da asarar da direba ke yi a inji daga wuri ɗaya suke tasowa: ɗan notin nan na ƙarƙashin inji wanda ake kwancewa a zubar da tsohon mai.

'Yan'uwana direbobi, tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, nauyin jigilar gari ya koma kan babur mai ƙafa uku. Injin Bajaj RE ko TVS King ƙarami ne, wajen cc 200, amma yana wuni yana jan mutum huɗu ko biyar cikin cunkoso, a tsaya a tashi, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu. Baƙin mai ne ke hana ƙarfe cin ƙarfe, shi ke kwashe wani ɓangare na zafin, shi kuma ke ɗauke dattin da ke taruwa a ciki. A yawancin injinan nan kuloci ma cikin man yake aiki, shi ya sa ba kowane man mota ne ya dace da su ba, domin wani yana sa kuloci ya riƙa sulɓewa. Ku duba littafin da babur ya zo da shi, a nan aka rubuta kaurin man da ake so, irin su 20W-50, da yawan da za a zuba, da nisan tafiyar da za a yi kafin a sake. Mai aiki cikin ƙura gara ya juye kafin lokacin da littafi ya faɗa da ya wuce shi.

Notin juye ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gama-gari mai kai shida, wanda ke tafiya da wosha ta alminiyam ko ta jan ƙarfe. Ita wannan wosha, da gangan aka yi ta da laushi don ta lotse idan an ɗaure, ta cike ƴan ramukan da ido ba ya gani. Da zarar ta lotse sau ɗaya ta gama aikinta. Idan aka mayar da tsohuwa, mai zai riƙa tsattsafowa, sai yaron gareji ya ƙara ɗaurewa don ya tsayar da yoyon, daga nan kuma matsala ta fara. Noti ƙarfe ne mai tauri, gindin inji kuwa alminiyam ne mai laushi. Idan an matsa fiye da ƙima, zaren da ke jikin inji ne zai cinye, noti kuma ya fito lafiya lau. Wosha ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba, amma gyaran zaren da ya mutu yana iya cinye balas na kwanaki.

Na sha ganin abin da ake yi idan zare ya mutu: a naɗa leda, ko tef ɗin masu gyaran famfo, ko a shafa gam, a mayar da noti a ce "zai kai ka". Wani direba da na tarar a gareji ya yi sati da irin wannan ɗauri. Notin ya faɗi a hanya yana ɗauke da fasinja, man ya tsiyaye cikin ƴan mintuna, kafin ya ankara inji ya buga. Ya bar layin mai a kan kwalta, kuma wanda ke biye da shi a babur mai ƙafa biyu shi ne zai iya zamewa a kai. Gyaran gaskiya shi ne a sa sabon zare na ƙarfe a cikin ramin, wanda ake kira Helicoil, ko a buɗa ramin kaɗan a yanka sabon zare a sa noti mafi kauri. In an yi haka, a tabbata an wanke ɓarɓashin da ya faɗa ciki kafin a zuba sabon mai.

Iri na biyu shi ne mai maganaɗisu a bakinsa, kuma shi na fi so direba ya samu in akwai daidai da injinsa. Yana kama ƙurar ƙarfen da ke yawo cikin mai. In an kwance, kada a yi saurin gogewa, a tsaya a duba tukuna. Ɗan laka mai ruwan toka mai laushi kamar kwalli ba abin damuwa ba ne, musamman a sabon inji. Amma in ka ga ƴan sili-sili ko gutsuren ƙarfe da yatsa ke ji, to giya ko boris na cin kansa, kuma gara a buɗe yanzu da a jira ya tsaya da kansa. A sani cewa maganaɗisu ba ya kama alminiyam, ba ya kama yashi, don haka bai ɗauke wa filta aikinta ba.

Akwai kuma babban murfi mai zoben roba, wanda a wasu injina ke ɓoye ƴar rariya, wani lokaci har da sifirin. Wannan rariyar ce ke tare manyan datti kafin famfon mai ya zuƙa. A wanke ta, a lura da yadda ta fito don a mayar da ita daidai, a duba zoben ko ya bushe ko ya tsage. Shi wannan murfi ɗauri kaɗan yake so, roba ce ke tare man. Na kuma ga irin mai ɗan famfo da ake murɗawa ba sai an kwance ba. A ganina bai dace da hanyoyinmu ba, domin yana zurowa ƙasa, kuma cikin babur ɗin ba shi da nisa da dutse da kan kwalbati.

Juyen kansa ba shi da wuya. A bar inji ya ɗan yi ɗumi na mintuna kaɗan don man ya saki jiki, a kashe, a tsayar da babur a wuri mai daidai. A goge kewayen notin kafin a kwance, kada yashi ya shiga. A yi amfani da sifana mai zobe ko soket daidai kan notin, filaya da sifana mai buɗaɗɗen baki su ke gundule kai. Wajen mayarwa a fara da yatsu, a juya sau uku ko huɗu. In ya cije tun farko, ya hau karkace, a dawo da shi. Kada a ƙara bututu a jikin sifana don neman ƙarfi. Bayan an zuba mai a tada inji, a leƙa ƙasa ko yana ɗiga, a kashe, a jira kaɗan, sannan a duba geji. Cika mai fiye da alama yana sa shi kumfa, ya kuma turo ta wajen sil.

Sai kuma abin da ya fi shafar aikina. Tsohon baƙin mai ya kwashi ƙurar ƙarfe da ragowar fetur da sinadaran da ƙuna ke haifarwa, kuma an gwada a jikin dabbobi an ga cewa daɗewarsa a kan fata yana jawo kansar fata. Yaran da ke koyon aiki su ne ke wuni hannu dumu-dumu cikinsa, da tsumma mai mai a aljihun wando, su wanke hannu da fetur, su zauna su ci abinci. Fetur yana busar da fata ya tsattsage ta, dattin ya ƙara samun hanyar shiga. Iyayen gidan gareji, don Allah ku ajiye sabulu da ruwa, ku saya wa yaran nan safar hannu ta roba, amana ce iyayensu suka ba ku. Haka kuma kada a shafa baƙin mai a ciwo ko ƙuna, kada a shafa wa akuya ko rago don ƙazuwa ko kaska, a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man da aka juye daga mota sau ɗaya yana iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwa. Mu a nan, kwatocin unguwanni da yawa na cikin Kano ƙoramar Jakara suke gangarawa, ita kuma ta nufi madatsar Wasai, kuma a bakinta masu lambu ke ban ruwan latas da alayyafo da ake kawo mana kasuwa. Wanda aka zuba a ƙasa kuwa yana nitsewa a hankali ya nufi rijiyoyin maƙwabta. Zuba shi a masai don kashe sauro ma hanyar rijiyar yake bi. Ƙona shi a fili kuma hayaƙinsa ƙirjin mutanen unguwa yake shiga.

Abin da nake roƙo a kowane gareji shi ne faffaɗan faranti da za a tara a ƙarƙashin noti, da mazurari, da jarka ko duro mai murfi. Kada a haɗa shi da ruwa ko fetur ko man birki, domin masu zuwa saye sun fi son wanda ba a gauraya ba. Kada a zuba shi a robar lemo ko ta ruwan sha a bar shi inda ƙananan yara ke kaiwa. In ya zube a ƙasa a rufe da yashi ko dusar katako, a kwashe a zuba a buhu, kada a kora da ruwa. Kai kuma direba, ranar juye ka tsaya a wurin, ka zo da sabuwar wosha a aljihunka, ka ga an buɗe galan a gabanka, ka kuma ga inda aka kai tsohon man kafin ka tada babur.