Ba Disney ne ya ƙirƙiro Pinocchio ba

Har yanzu mutane da yawa in an ambaci Pinocchio, yaron katakon nan da hancinsa ke tsawo in ya yi ƙarya, sai su ce ai labarin Disney ne. To ba haka bane fa. Wani marubuci ɗan Italiya mai suna Carlo Collodi ne ya rubuta shi, ya fara fitowa kashi-kashi a wata jaridar yara a 1881, aka haɗa shi littafi a 1883, shi kuwa katun ɗin Disney sai a 1940 ya fito.

Kuma wallahi na littafin ba irin yaron nan mai ban tausayi bane da muka sani, fitinanne ne na gaske. Gyaren nan da yake masa nasiha a fim har suka zama abokai, a littafi tun farkon haɗuwarsu ya wurga masa guduma ya kashe shi, daga baya sai fatalwarsa ke dawowa. Abin da ya fi taɓa ni ma shine Collodi ya so ya rufe labarin a inda yanyawa da mage suka rataye Pinocchio a jikin bishiya, sai da aka matsa masa ya ci gaba sannan ya ceto shi har ya zama yaro na gaske.

Su Disney sun tausasa labarin ne sosai, gyaren ma su suka laƙaba masa suna Jiminy, a littafin ba shi da suna.